Firjin da ake ɓoyewa a cikin kabad: ya ci miliyan shida da rabi a Garwa?

Wata Hajiya da ke ƙarasa gininta a Marware, nan Garwa, ta aiko da tambaya. Ta ga irin kicin ɗin nan a Dubai wanda firjin yake shige cikin kabad, ƙofarsa da ta kabad launi ɗaya, sai an ja hannu ake sanin firji ne. An yi mata lissafin ɗaya daga cikin manyan, sefa miliyan 6 da rabi, ban da kuɗin kafinta. Tana so ta san ko ya ci kuɗinsa, ko ta haƙura da na tsaye.

Hajiya, Allah ya sanya alheri a ginin, ya sa a shiga lafiya. Na haura shekara ashirin ina gyaran firji da firiza tsakanin Garwa da Marwa, kuma amsata ita ce: a yawancin gidajenmu bai ci kuɗinsa ba. Ba wai kayan ba su da kyau ba ne. Suna da kyau ƙwarai. Amma an ƙera su ne don gidan da wuta ba ta rawa, kicin ba ya zafi, kuma idan wani abu ya lalace a ciki gobe da safe an kawo sabo. Idan kin riga kin tanadi waɗannan ukun, saye ki more. Idan ba ki tanada ba, to su ya kamata kuɗin ya fara saya.

Bari in fara ba firjin haƙƙinsa. Kamfanin da ya fi suna a wannan fanni shi ne Sub-Zero na Amurka, wanda aka kafa a 1945 a garin Madison na jihar Wisconsin. Abin da ya yi fice da shi shi ne ɓangaren firji da ɓangaren ƙanƙara kowanne da injinsa, wato kwamfireso biyu. Amfanin hakan a fili yake: iskar sama ba ta gauraya da ta ƙasa, don haka alayyafo da tumatir ba sa yaushi da wuri, warin kifi da na daddawa kuma ba ya shiga ƙanƙarar da za a sa a folere, wato zoɓo. Kamfanin yana cewa ya gina kayansa su yi shekara 20. Jamusawa ma suna da nasu, irin su Liebherr da Miele da Gaggenau, kuma wasunsu suna da aljihu na musamman da sanyinsa yake ɗan sama da sifili kaɗan, inda nama da kifi suke kwana da yawa ba su daskare ba, ba su kuma lalace ba. Ƙarfen yana da nauyi, marfin yana rufuwa lif, ƙarar injin sai kin kasa kunne. Araha ba ta ado, wannan gaskiya ne.

Sai dai ga abin da mai sayarwa ba zai fara gaya miki ba. Wannan aljihun mai sanyin sifili, da raba iskar sama da ta ƙasa, duk ana samunsu a firjin tsaye na waɗannan kamfanonin na Jamus, a kan kuɗin da bai kama ƙafar wancan ba. Abin da ƙarin kuɗin yake saya miki, galibinsa kyan gani ne: kicin ya zama bango ɗaya sumul, babu abin da ya turo. Ni ban raina wannan ba. Mace ta yi shekaru tana fatauci, ta gina gidanta, tana da ikon son kicin ɗin da idan ta shiga ranta zai yi fari. Kawai dai ki san abin da kike saye, kada a ce miki sanyi kike saye.

Yanzu mu dawo gida. Abu na farko zafi ne, kuma a nan zan daɗe, don shi ne aka fi yin sakaci da shi. Firji ba ya ƙirƙirar sanyi. Zafi yake kwashewa daga ciki ya zubar a waje, ta waɗannan siraran bututun da ke bayansa ko ƙasansa ko samansa. Idan iskar da ke kewaye da shi ta yi zafi, zubarwar tana yi masa wuya, injin ya yi ta aiki ba hutu. Shi ya sa kowane firji da aka yi a kan ƙa'idar Turai yake da ajin yanayi a rubuce a takardar da ke manne a cikinsa, yawanci a gefen hagu kusa da aljihun kayan miya. Mai harafin N da mai SN iyakarsu digiri 32. Mai ST ya kai 38. Mai T shi ne ya kai 43. Ke kin san Garwa a watan Maris da Afrilu: arba'in ba labari ba ne, a inuwa ma. Marwa haka, Kusseri da Injamena sun fi. To ki ƙara da murhun gas a kunne, da bangon da rana take duka tun azahar, sannan a ɗauki firjin a kulle shi a akwatin katako. Ko mai harafin T ɗin ma yana bakin iyakarsa. Wanda ke Ngaundare, can kan tudu inda iska take da sauƙi, lissafinsa daban ne da namu.

Wata bazara an kira ni wani gida a unguwar Plateau. Kicin ne mai kyau, an kashe masa kuɗi, amma man shanun da ke cikin firjin ya narke, madarar yara tana tsami kafin la'asar. Masu gyara biyu sun riga ni, kowanne ya ce gas ne, ya zuƙe ya sake ɗurawa, ya karɓi kuɗinsa. Na durƙusa na duba allon da ke ƙasan kabad ɗin: a toshe yake ruf, ko kafar allura babu. Na hau kujera na leƙa sama: kafinta ya haɗe katakon da silin. Uwargida ce ta ce ba ta son ganin ramuka, shi kuma ya yi mata yadda take so. Da muka kwance ƙusoshin muka jawo firjin, iskar da ta bugi fuskata kamar an buɗe tanderun gurasa. Kwamfireson ba ya taɓuwa, katakon da ke bayansa har ya canza launi. Babu abin da ya sami gas ɗin tun farko. Numfashi aka hana shi. Takardar da ta zo da shi, wadda na tarar a leda ba a ko buɗe ba, ta faɗa ƙarara cewa a bar kafar iska mai faɗin santimita murabba'i 200 a ƙasa, a bar irinta a sama, a bar hanya a baya tsakaninsu. Muka yanka katakon muka sa raga, ya dawo yana sanyi. Amma injin da ya shekara yana dahuwa a haka, kwanansa ya riga ya ragu.

Manyan na Amurka sun fi dabara a nan, don injinsu a sama yake ko a ƙasa, yana shaƙa yana fitarwa ta gaba. Sai dai su kuma ƙura ce abokiyar gabarsu. Kamfanonin suna cewa a share ragar sau ɗaya ko biyu a shekara. Wannan lissafin ƙasar da ba ta san ƙurar hunturu ba ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu, a nan, kowane wata sai an cire murfin an bi da buroshi, in ba haka ba ƙurar ta haɗu da maiƙon suya ta zama kamar bargo.

Abu na biyu wuta. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogara da madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda aka gama a 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma duk shekarar da ruwa ya ja baya kowa yana gani a gidansa. Tashoshin sola da aka kafa a Marwa da Gider sun kawo sauƙi, amma ɗaukewar wuta ba ita ce ta fi kashe firji ba. Rawarta ce. Ya kamata ta zo a volt 220. Na sha sa mita a soket bayan magariba, lokacin da kowa ya kunna fanka da talabijin, in ga ta sauka ƙasa da 180. A irin wannan lokacin za ki ji injin yana gurnani yana son tashi ya kasa, sai ki ji "ƙas", ya yi shiru, bayan minti biyu ya sake. Kowane "ƙas" ɗin nan cin ransa yake. Sannan ga dawowar wuta da ƙarfi bayan an ɗauke, ga tsawar damina. Tsohon firjin da iyayenmu suka yi amfani da shi ba shi da komai sai inji da ɗan makunni, shi ya sa yake jurewa. Na zamani mai tsada kwamfuta ce a cikinsa: katin lantarki ɗaya yana sarrafa inji, wani yana kula da fanka da narkar da ƙanƙara, wani na allon da ake dannawa. Wuta ta yi tsalle sau ɗaya, katin ya tafi.

Idan kuma daga Amurka za a ɗauko shi, a duba da kyau. Wutarsu volt 115 ce zuwa 120, tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu kuwa sau 50. Taransifoma tana gyara ƙarfin wutar amma ba ta gyara bugun. Kamfanonin suna yin samfurin da ya dace da wutarmu, shi za a nema da sunansa, ba wanda ɗan'uwa ya samu da rangwame ya cusa a kwantena ba.

Katin nan kuma ba wuta kaɗai yake tsoro ba. Wurin yana da ɗumi da duhu, ga shi a bayan kabad inda tsintsiya ba ta kai. Kwana biyu bayan wata babbar salla aka kira ni da sassafe, wai firji ya mutu da naman layya a ciki. Da na buɗe akwatin katin, sai ga tsaka a miƙe a kansa, ta bushe, wurin da jikinta ya haɗa wayoyi biyu ya yi baƙi kamar an ɗiga masa wuta. Ƙaramar halitta, ta kashe kayan miliyoyi. Matan gidan suka hura gawayi a tsakar gida suka yi ta suya har dare don a ceci abin da za a iya ceta, aka rarraba saura a firizar maƙwabta. Katin kuwa babu shi a Garwa, babu a Duwala, na aika Kano ma ba a samu ba. Daga Turai aka yi odarsa, sai da aka yi wata biyu da 'yan kwanaki. Duk tsawon lokacin ƙofar kabad mai kyau tana nan a rufe, babu komai a bayanta, mutanen gida suna shan ruwan randa.

Wannan shi ne abu na uku, kuma shi ne ya fi ci mini rai, don a nan ne nake tsayawa gaban mai gida hannu rabbana. Shekara ashirin ɗin da kamfani yake faɗa ba ta nufin babu abin da zai lalace. Tana nufin idan fanka ta mutu a shekara ta shida, ko robar ƙofa ta saki a ta takwas, akwai wakili a gari da zai zo da sabuwa. Garantin ma yawanci a ƙasar da aka sayar yake aiki, ta hannun dillalin da kamfani ya amince da shi. Kafin ki biya ko dala, ki tambayi mai sayarwa abu ɗaya: idan katin ya ƙone, wa zai kawo, daga ina, cikin kwana nawa? Ki ce ya rubuta. Idan ya fara kame-kame, kin samu amsarki. Firjin tsaye na kamfanonin da suka cika kasuwa, irin su LG da Samsung da Hisense, ko babu kayansu a babbar kasuwar Garwa, ana samowa daga Duwala ko Yola ko Kano cikin 'yan kwanaki, kuma yaran da suka san cikinsu suna da yawa.

Gas ɗin ma abin lura ne. Yawancin firjin gida na yanzu R600a suke amfani da shi, wanda yake kama wuta, kuma 'yan giram ne ake aunawa da sikeli. Wanda ya saba da tsohon R134a, yana ɗurawa da ido yana taɓa bututu, zai iya lalata miki inji da kyakkyawar niyya. Kada ki bari kowa ya kusanci firjinki da wutar walda sai kin ga ya karanta takardar da ke jikinsa.

Ga kuma hanya. Kaya ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala, a biya kwastan, wanda a ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, ya daɗe yana kai kashi 30 cikin ɗari a kan kayan da aka gama ƙerawa, a ɗora harajin TVA, wato VAT, na kashi 19.25. Daga nan jirgin ƙasa ko babbar mota zuwa Ngaundare, sannan a gangaro dutsen nan a yi kusan kilomita 280 zuwa Garwa. Wasu manyan sun haura kilo 200. Idan ya iso, a bar shi a tsaye ya kwana kafin a kunna, man injin ya koma mazauninsa.

Sai maganar da ke ce kika fi ni sani, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: yaya ake amfani da firji a gidanki? Na cikin kabad ba shi da zurfi, dole ya yi daidai da kabad ɗin da bai wuce santimita 60 ba. Irin na Turai da aka fi samu, mai tsawon santimita 178 da faɗin 56, cikinsa bai cika kai lita 300 ba, alhali na tsaye mai kusan wannan faɗin yana haura haka sosai. Tukunyar miyar gidan da ake ciyar da mutum goma sha biyar ba ta shiga. Ki ɗauki babbar tukunyarki ki auna ta da tef kafin ki zaɓa, da gaske nake. Sannan a takardar akwai adadin kilon da ɓangaren ƙanƙara zai iya daskarar da shi a awa 24, kuma a irin waɗannan sau da yawa bai kai kilo goma ba. Ragon layya guda ya fi ƙarfinsa, balle a ce an yanka biyu ko an shiga watandar sa. Idan aka danna masa nama mai ɗumi fiye da ƙarfinsa, na waje ya daskare, na tsakiya ya kwana biyu bai kama ba.

Gidajenmu kuma ba irin na Turawa ba ne da mutum biyu suke cefanen mako su rufe. Mu kullum ana zuwa kasuwa, karfasa da giwan ruwa suna zuwa daga Lagdo da safe, kayan miya sabbi ne. Aikin firjinmu na gaskiya ruwan sanyi ne da ƙanƙara. Yara suna buɗewa suna rufewa tun safe, da azumi kuma maƙwabta suna aiko da kwano kafin a sha ruwa, kuma ba a hanawa. Ƙofar da aka ɗora wa allon katako mai nauyi, idan ana mata wannan zirga-zirgar, maƙalanta suna saki, ta fara zama a karkace, iska ta riƙa shiga. Ki gwada da takarda: ki rufe ƙofar a kanta ki ja, idan ta zare ba tare da turjiya ba, sanyi yana zurarewa. Raɓar da ke taruwa a wurin kuma tana kumbura katakon garin itace da ake yin kabad da shi, gara ta ƙarasa. Mai fitar da ƙanƙara da kansa shi ma yana son ruwan famfo mai ƙarfi da matacin da ake canzawa duk wata shida, matacin da shi ma odarsa ake yi.

To wa ya dace ya saya? Wanda gidansa yake kan sola da batir da inbata mai kyau, ta yadda firjin bai ma san an ɗauke wuta ba. Kicin ɗin cikin gida yana da na'urar sanyaya ɗaki ko aƙalla ba ya kallon yamma, kuma akwai wani madafin a waje inda ake babban girki da suya. Akwai firiza ta daban a sito don nama, da wani firjin na ruwan yara. Sannan yana da hanyar Dubai ko Faransa da zai sa a taho masa da kati a jaka. Idan haka gidanki yake, Hajiya, ban hana ki ba. Shawarata kawai ki ɗauki irin na Turai mai ma'aunin da kowa yake yi, 178 da 56, mai harafin T, don ranar da ya gaji ki zare shi ki tura wani na kowane kamfani a ramin. Manyan na Amurka faɗinsu daban ne, kusan santimita 91 ko 107 ko 122, kuma ramin da aka yanka musu ba ya karɓar kowa sai irinsu. Ki sayi katin ajiya da robar ƙofa tun ranar da kika sayi firjin, ki adana.

Idan kuwa gidan bai kai nan ba tukuna, ga abin da zan yi da kuɗin da a ce 'yar'uwata ce. Zan sa kafinta ya gina wa firji ɗaki a cikin jerin kabad ɗin, buɗaɗɗe ta gaba, da sararin yatsu uku zuwa huɗu a kowane gefe da baya, da kamar taƙi guda a sama wanda ba a rufe ba. In tura firjin tsaye mai kyau a ciki, mai harafin T, mai injin inbata wanda yake tashi a hankali ba ya fizgar wuta, mai launin azurfa ko baƙi. Daga bakin ƙofa zai yi kyau ƙwarai, kuma ranar gyara mutum ɗaya zai jawo shi. In sayi firiza ta kwance in ajiye a sito, don ita idan an buɗe sanyinta ba ya zubowa ƙasa, kuma idan tana cike ba a buɗe ta ba tana riƙe nama har kwana biyu babu wuta, alhali firji awa huɗu ne kawai. Kowannensu in sa masa regilata mai daidaita ƙarfin wuta, da ɗan akwatin nan mai jinkirta wuta minti uku zuwa biyar bayan ta dawo. Ragowar kuɗin, wanda zai yi yawa, in zuba shi a faifan sola da batirin litiyom. Rana dai Allah ya hore mana ita. Wajen lissafin batir, kada a yarda da adadin wutar da aka rubuta a takardar Turai, don a ɗakin gwaji aka auna shi, a digiri 16 da 32. A bazararmu a ninka shi biyu.

Ko wanne kika zaɓa, kada kafinta ya yanka katako sai an san ainihin firjin da zai shiga, an buɗe takardarsa an karanta masa ma'aunin. Mai haɗa wuta kuma ya ja wa firjin layinsa shi kaɗai daga allon gida, da wayar ƙasa ta gaskiya da aka binne sandarta, soket ɗin kuma a sa shi a kabad na gefe inda hannu zai kai ba sai an jawo firjin ba. Idan har yanzu ba a yi tayil ɗin kicin ba, duk wannan aikin yini guda ne.